Hajiya Dada: Abin da Ke Cikin Shekara 102



A ranar Litinin, 2 ga watan Satumba na 2024, Allah ya karɓi ran Hajiya Dada a birnin Katsina, tana da shekara 102 a duniya. Washegari Talata aka yi mata sutura, manyan ƙasar nan suka cika unguwar 'Yar'aduwa, aka sallace ta, aka kai ta makwancinta. Ga wanda bai san ta ba, ita ce maiɗakin marigayi Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, wanda ya yi ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko. Ita ta haifi Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa. Ita ta haifi Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ita ce kuma mahaifiyar Sanata Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa, wanda Katsina ta Tsakiya ta tura majalisar dattawa a 2023.

Saƙonnin ta'aziyyar da aka yi ta karantawa a wancan mako kusan duk da wannan jerin suka fara: matar minista, uwar janar, uwar shugaban ƙasa, uwar sanata. Gaskiya ne, babu mai musu, Allah ya ba ta abin da bai ba mata da yawa ba. Amma yau wani lissafin nake so mu yi tare, wanda ya fi kusa da ita kanta, ya kuma fi kusa da tsohuwar da ke cikin gidanku, wataƙila ma tana zaune gefen rediyon nan tana jan carbi. Kullum muna yi wa iyayenmu addu'a, Allah ya ja kwana, Allah ya ƙara nisan kwana. To, idan Allah ya amsa, kwanan ya yi nisa har ya haura ɗari, me ke cikinsa? Wane kaya mai shi take ɗauke da shi?

In ka cire 102 daga 2024, za ka tsaya wajen 1922. A lokacin Sarki Muhammadu Dikko ne ke kan gadon sarautar Katsina, kuma a daidai wannan lokaci aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wato ita da makarantar da ta fitar da shugabannin Arewa na farko sa'o'in juna ne. Ta ga zamanin Dikko har rasuwarsa a 1944. Ta ga na Usman Nagogo tun daga naɗinsa har 1981. Ta ga na Muhammadu Kabir Usman zuwa 2008, sannan ta ƙara shekara 16 a zamanin Sarki Abdulmumini. Uba da ɗa da jika da tattaɓa-kunne, duk sun yi sarauta a kan idon mace ɗaya. Da fam da sule da sisi da kwabo ta yi cefanen ƙuruciyarta, sai da ta haura hamsin Naira ta zo a 1973. An haife ta a zamanin da agana ke shiga gari ta kwashi yara, ta bar wasu da makanta, ta rayu har aka daina jin sunan cutar. Tana da shekara 65 aka yanke jihar Katsina daga Kaduna a 1987.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙuri'a. Mijinta yana minista a Legas, jama'a suna jefa masa ƙuri'a, ita kuwa doka ba ta ba ta ikon jefawa ba, domin a jamhuriya ta farko matan Arewa ba sa zaɓe. Su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kan wannan magana. Sai a 1976 aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, zaɓen ƙasa baki ɗaya na farko da suka shiga shi ne na 1979. A lokacin Hajiya Dada ta doshi sittin. Wannan mace ce Allah ya ja wa kwana har ta ga ranar da mata suka yi layi a rumfunan zaɓe, daga Sakkwato har Kalaba, ɗan da ta goya yana takarar shugabancin ƙasa.

Wannan ɓangaren da ido ya gani ke nan. Yanzu bari mu je ga wanda zuciya ta ɗauka.

Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kifar da gwamnatin da mijinta yake minista a ciki. Aka kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe ministan kuɗi Okotie-Eboh. Duk matar da mijinta ke cikin wannan gwamnati ta san irin kwanakin da ta yi a lokacin. Shekara ta zagayo, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ga ɗanta Shehu, wanda aka haifa a 1943, ya dawo daga makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, yana cikin waɗanda aka tura fagen daga, har ya yi yaƙi a ɓangaren Onitsha. Matasanmu na yau su tuna, babu wayar hannu a wancan zamani. Uwar soja ba ta da abin dogaro sai rediyo, sai wasiƙar da kan yi makonni a hanya, sai dardumar salla. Iyaye mata nawa ne a Katsina da Kano da Zariya da Bauci suka yi wannan zaman jira, 'ya'yan wasu suka dawo, na wasu har yau ba a san inda aka rufe su ba?

Nata ya dawo. A ranar 13 ga Fabrairu, 1976, aka harbe shugaban ƙasa Janar Murtala Muhammad a kan titin Legas, aka ɗauko Shehu, bai cika shekara 33 ba, aka ɗora shi a kujera ta biyu a ƙasar nan, mataimaki ga Janar Obasanjo. Gari ya ɗauka da murna, 'yan barka suka cika gida. Amma ku da kuka haifa ku faɗa mini, uwar da aka ce ɗanta ya hau kusa da kujerar da aka zubar da jinin mai ita jiya-jiya, barcinta zai zama irin na sauran mutane?

Aka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a 1979, Shehu 'Yar'aduwa ya ajiye kaki yana da shekara 36. A wannan jamhuriya ta biyu kuma siyasa ta raba kan gidan kansa. Matawalle yana cikin manyan jam'iyyar NPN, ɗansa Umaru, malamin makaranta mai koyar da kimiyyar haɗa sinadarai, yana tare da PRP ta Malam Aminu Kano. Wanda ya ga siyasar wancan lokaci ya san waɗannan jam'iyyu biyu ba sa ga-maciji da juna, an raba aure a kansu, an daina gaisawa a kansu. Amma gidan 'Yar'aduwa bai tarwatse ba. A gidajenmu na Hausa, idan uba da ɗa suka saɓa, kowa ya san ɗakin da ake shiga a kashe wutar, kuma ba a buga sunan mai ɗakin a jarida.

Daga nan sai jarrabawa ta fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1993 Matawalle ya rasu, ta shiga takaba tana da shekara saba'in da 'yan kai. A watan Maris na 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Shehu, bayan ya tsaya a taron tsara tsarin mulki a kan lallai soja su sa ranar sauka. Aka zarge shi da hannu a yunƙurin juyin mulki, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekaru. Ranar 8 ga Disamba, 1997, ya rasu yana tsare a Abakaliki, yana da shekara 54. Mutumin da ya fita da ƙafarsa, gawarsa aka kawo Katsina. Mahaifiyarsa tana da kimanin shekara 75.

Ku dubi yadda Allah yake juya al'amari. Ba a cika shekara biyu ba, ƙanensa Umaru ya zama gwamnan Katsina a 1999. Ba a cika goma ba, ranar 29 ga Mayu, 2007, aka rantsar da shi shugaban ƙasa. Uwar da aka kawo wa gawar ɗa daga kurkukun gwamnati, ita ce ta wayi gari wani ɗan nata ne shugaban wannan gwamnatin. Mutumin da ya fito fili ya bayyana dukiyarsa, ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009. Irin wannan hali ba a kujerar mulki ake koyonsa ba, da shi ake zuwa daga gida.

Sai kuma ciwo. A watan Nuwamba na 2009 aka tafi da shi Jidda, ƙasa ta ɗauki zafi. Jaridu suna rubutu, lauyoyi suna gardama a kan tsarin mulki, 'yan majalisa suna taro, masu zanga-zanga suna kan titi, jita-jita kuwa ta kashe shi ta tashe shi ba sau ɗaya ba. A watan Fabrairu na 2010 majalisa ta ɗora mataimakinsa Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. Duk wannan gardama tana da dalilinta, ƙasa ba ta zama babu shugaba. Sai dai a cikin miliyoyin da ke maganar, akwai tsohuwa ɗaya a Katsina, mai shekara kusan 88, wadda a wurinta maganar ɗaya ce tak: yaronta ba shi da lafiya. Ranar 5 ga Mayu, 2010, bayan an dawo da shi ƙasar, ya cika a fadar shugaban ƙasa yana da shekara 58, washegari aka kawo shi gida aka rufe shi a maƙabartar Ɗanmarna.

Ga lissafin da nake faɗa muku. Ta rayu shekara 31 bayan mijinta, kusan 27 bayan Shehu, 14 bayan Umaru. Addu'ar kowace uwa a ƙasar Hausa ita ce, Allah ya sa ku za ku rufe ni. Ita kuwa sau biyu, a gaban idon duniya, aka fita da gawar ɗanta ita tana zaune a ɗaki. Wanda ya roƙa wa mahaifiyarsa tsawon rai ya sani, wannan yana cikin abin da tsawon rai ke zuwa da shi. Sa'anninka su tafi, ƙannenka su tafi, wani lokaci waɗanda ka haifa su riga ka. A wayi gari babu sauran mai kiranka da sunanka na yanka, kowa sai ya ce Hajiya, ko Inna, ko Kaka.

Kuma al'adarmu ba ta sauƙaƙa wa uwa ba a nan. An raine ta a kan kara da alkunya, ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabon ɗanta a gaban mutane, in ya rasu kuma ba a son a ji muryarta ta fita waje. Mata su shigo ɗaki su durƙusa, su ce, ya haƙuri? Ta ce, haƙuri sai godiya. Su ce, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ta ce, amin, na gode, Allah ya ba da lada. Haka za ta yi ta maimaitawa tun hantsi har magariba, har a yi sadakar uku, a yi ta bakwai. Na sha ganin wannan da idona a gidajen makoki: wadda aka zo yi wa ta'aziyya ita ce ke rarrashin masu ta'aziyyar, ita ke tambaya ko baƙin da suka zo daga nesa sun ci abinci. Sai dare ya raba, kowa ya watse, sannan ta sami damar zama da abin da ke cikinta. Muna yaba wannan haƙuri, ya kuma cancanci yabo. Amma kada yabon ya sa mu ɗauka cewa ba ya ciwo.

A shekarunta na ƙarshe ɗakin Hajiya Dada ya zama wurin da manyan 'yan siyasa ke biyawa in sun shiga Katsina. Goodluck Jonathan ya je gaishe ta, Atiku Abubakar, wanda a hannun Shehu ya koyi siyasa, ya sha zuwa, Peter Obi ma ya je. Mutanen da ake buɗe wa ƙofar mota, ga su sun cire takalmi sun zauna ƙasa gaban tsohuwa suna neman albarka. Ni wannan yana faranta mini rai, domin ya nuna har yanzu akwai sauran abin da muke girmamawa wanda ba kuɗi ba ne, ba kuma muƙami ba. Allah ya jiƙan Hajiya Dada, ya gafarta mata, ya haɗa ta da waɗanda suka riga ta a gidan Aljanna, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

To amma, masu sauraro, kusan kowace unguwa tana da tata Dadar, ko da ba ta haifi gwamna ba.

Tawa kakar, wadda ta haifi mahaifiyata, ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta kuma san shekarar haihuwarta da lamba ba. In ka tambaye ta yaushe aka haifi wane, sai ta ce, ai shekarar fara ce, ko shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, ko bayan rasuwar Sarki Dikko da damina biyu. In ka je ka bincika, sai ka tarar ba ta yi kuskure ba. Ɗakinta ƙarami ne, gadon ƙarfe mai rumfa, jeren kwanonin da ta zo da su tun na aure, buta, darduma, da wani ƙaramin kwando da ba ya rabuwa da goro da alewa. Kuɗinta a haɓar zane suke, ƙulli biyu, sai ta sa haƙori ta kwance. In na shiga gaishe ta sai ta ce, ga mijin nawa marowaci ya zo, yau ma hannu rabbana? In ƙanwata ce ta shiga sai ta ce, kishiya, me kika zo nema a ɗakina? A cikin wannan wasa na kaka da jika muke faɗa mata abin da ba ma iya faɗa wa iyayenmu. Yarinyar da ba ta son wanda aka zaɓa mata, wurin kaka take kai kuka. Yaron da ya yi laifi, bayan kaka yake ɓuya, kuma duk zafin uba, in ta ce bar shi, an bar shi ke nan.

Kada wani ya ɗauka aikinta ya tsaya a alewa da tatsuniyar gizo da ƙoƙi. Ita ta san wace ce ta shayar da wane, lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo shekara talatin da suka wuce. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne, domin shari'a ta haramta aure tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya, kuma babu wani ofis da ke rubuta wannan. An sha kai kuɗin aure, tsohuwa ta ce a dakata, waɗannan 'yan'uwan juna ne. Ita ta san inda iyakar gonar gado ta tsaya, daga wace tsamiya zuwa wace kuka, da wanda aka ba aro, da wanda aka ba jingina. Ita ta san dangin da suka yi ƙaura zuwa Maraɗi ko Damagaram, da waɗanda suka tafi hajji ta ƙasa suka zauna a Sudan. In an yi haihuwa, ita ke tsaye kan wankan jego da kunun kanwa har a yi arba'in. In an yi rasuwa, ita ta san yadda ake wankan gawar mace. Tsohuwa a gida kamar randa ce a tsakar gida, kowa ya shigo da ƙishi ya ɗiba ya sha ya wuce, ba kasafai ake samun mai leƙawa ya ga ko ruwan ya yi ƙasa ba.

Kuma yana yin ƙasa. Matsakaicin tsawon rai a Najeriya, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Wadda ta kai tamanin a cikinmu ta tsallake kyanda da sanƙarau, ta tsallake haihuwa takwas ko goma a ɗaki ba likita, ta tsallake farin 1973 da na 1984. Irin wannan mace ba a samunta a kasuwa. Amma je ka bakin asibiti, ko mahaɗar titi a Kano da Kaduna da Katsina, ka ga su waye ke miƙa hannu a cikin rana. Da yawansu sa'o'in iyayenmu ne.

Hajiya Dada ta binne 'ya'ya, amma ta yi baƙin cikinta a cikin gida mai rufin asiri, da abinci, da likita, da jikoki kewaye da ita. A jiharta ta Katsina, a Batsari da Jibiya da Safana da Faskari da Ƙanƙara, akwai tsofaffin da suka binne 'ya'yan da 'yan bindiga suka kashe a gona ko a kan hanyar kasuwa, suka baro garuruwansu da ƙafa, yanzu suna raɓe a kangon wani ko a ajin makarantar firamare, da marayu biyar ko shida a gabansu. Haka abin yake a Zamfara da Sakkwato, haka yake a Borno da Yobe tun fiye da shekara goma. Macen da ya kamata a ce ana dama mata fura ana kawo mata har ɗaki, ita ce ke surfe a gidan mutane, ita ke tallan kuka da daddawa don jikoki su sami na koko. Zafin rashin ɗa iri ɗaya ne, ko janar ne ko manomi. Bambancin shi ne, ita wannan babu mai zuwa da jerin motoci ya ce mata ya haƙuri.

A nan ina da magana da hukuma. Yawancin iyayenmu mata ba su yi aikin gwamnati ba, don haka babu fansho, babu giratuti. Sun yi aikin da ya fi na ofis nauyi, amma ba a rubuta shi a takardar albashi ba. A 2018 aka sa hannu a kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, abu ne mai kyau, amma tsohuwar da ke ƙauye ba za ta san da ita ba sai ranar da ta je asibitin ƙaramar hukuma aka auna mata hawan jini aka ba ta magani ba tare da an ce ta kawo kuɗi ba. Jihohinmu sun kafa hukumomin inshorar lafiya. Ina roƙon gwamnoni su sa duk wanda ya haura shekara saba'in a ciki kyauta, mace ko namiji. Masu hannu da shuni da ke fitar da zakka su ma su tuna, gwauruwar tsohuwa mai riƙon marayu tana sahun gaba.

Sauran maganar tamu ce, mu 'ya'ya da jikoki, kuma ita ta fi yawa. Tsofaffi nawa ne ke zaune a ɗaki cikin duhu, an ce ai tsufa ne ya cinye idon, alhali yanar ido ce, wadda likita ke cirewa cikin ƙasa da awa ɗaya? Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitocin ido a Kano da Katsina da sauran manyan garuruwa, ƙungiyoyi kuma suna yin aikin kyauta lokaci zuwa lokaci. Tsohuwar da aka yi wa wannan aiki takan koma ta ga fuskar jikan da ta shekara tana shafawa da hannu. Hawan jini da ciwon sukari ba sa sallama, sai an auna ake ganewa, kuma shanyewar ɓarin jiki da muke dangantawa da iska sau da yawa daga nan take. A kai su a auna, a kuma tsaya a ga suna shan maganin.

Akwai kuma wadda ke ƙona mini rai. Idan tsufa ya yi nisa, wasu ƙwaƙwalwarsu takan raunana. Ta manta ta ci abinci, ta kira jika da sunan ƙanenta da ya rasu tun tuni, ta tashi cikin dare ta ce za ta tafi gidansu. Wannan ciwo ne, likitoci sun san shi, yana kama Bature yana kama Bahaushe. Amma a wasu wurare sai ka ji an fara raɗe-raɗin maita, yara suna jifa, matan gida suna janye 'ya'yansu, har a kai ga kulle ta a ɗaki. Subhanallahi. Macen da ta yi maka wanki da tsarki ba ta ƙyamace ka ba, yau da hankalinta ya gaji ita ce mayya? Malamanmu da limamai su riƙa faɗin wannan a kan mumbari, domin jama'a suna jin maganarsu.

Wani zai ce, ai ni ina tura mata kuɗi duk wata. Madalla, Allah ya ƙara buɗi, kada ka daina. Amma ka tuna abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, yadda tsofaffi suka rasa yadda za su yi da 'yan takardun da suka ƙulle a zane, ga kuɗi a waya an ce an turo, ga shi ba su da na sayen goro. Abin da ke isa wurin tsohuwa shi ne abin da ƙafa ta kawo. Kuma ba cikinta kaɗai ke jin yunwa ba. Wadda ta saba gida cike, yanzu 'ya'ya suna Abuja da Legas da Fatakwal, jikoki in sun zo hutu kowa kansa a sunkuye kan waya. Ta yi magana a ce, Kaka, kin faɗa mana wannan jiya. To, ta sake faɗa mana. Sau nawa ka tambaye ta abu ɗaya kana ɗan shekara uku, ta amsa maka ba ta gaji ba?

Ita wayar da ta ɗauke mana hankali tana da amfani a nan. Kusan kowace waya yanzu tana ɗaukar murya. Ka zauna kusa da ita bayan la'asar, lokacin da jikinta ya fi sakewa, ka nemi izininta, ka kunna, ka ajiye a gefen tabarma. Ka tambaye ta sunan mahaifiyarta da na kakarta, da garin da suka fito, da dalilin tasowarsu. Ka tambaye ta yadda aka yi bikinta, da abin da aka ci a shekarar yunwa, da 'ya'yan da ta haifa suka koma tun suna jarirai, waɗanda kai ba ka ma san an yi su ba, ita kuwa har yau tana riƙe da sunayensu. Ka tambaye ta wa ya shayar da wa, ka rubuta a takarda, ka ba 'yan'uwa. Kada ka katse ta in ta yi nisa, kada ka gyara mata lissafi.

Wanda tasa ta riga mu gidan gaskiya, ƙawayenta suna nan, ƙannenta suna nan, akwai kuma maƙwabciyar da ba ta da kowa. A kai musu gaisuwa da ɗan abin da ya sawwaƙa, a yi wa mamaciyar addu'a da sadaka. Wanda kuma Allah ya bar masa tasa da rai, ina roƙonka kada ka ce sai Sallah. In tana cikin gidan, tashi ka shiga ɗakinta yanzu. In tana wani gari, kira ta a daren nan, ka kuma sa ranar da za ka je da ƙafarka.